Boɗinga da Shagari: A Haɗa Kuɗi a Jawo Ruwa, Ko Kowa Ya Haƙa Tasa?

Wanda ya buɗe Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, zai ga abin mamaki. An ba ciyaman da kansilolinsa maƙabarta da mahauta da kasuwa da tashar mota, da raɗa wa tituna suna, har da yanka wa keke da baro da amalanke lasisi. An ba su kwatoci da banɗakunan jama'a da kwashe shara da ƙazanta. Ruwan sha kuwa ba a ambace shi ba. Wato a dokance ƙaramar hukumar Boɗinga tana iya karɓar kuɗin lasisi a kan kurar ɗan ga-ruwan da ke zaga unguwannin Dingyaɗi, amma abin da ke cikin jarkokin ba a rubuta cewa alhakinta ne ba. Duk da haka, ranar da famfo ya ƙafe ba wanda ke hawa mota zuwa Abuja. Ƙofar kansila ake bugawa.

Maganar ta ƙara nauyi tun ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su, ban da kantomomi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma ya riga ya haifar da tambaya: idan kuɗin ya iso hannun Boɗinga da maƙwabciyarta Shagari, su haɗa su yi babban aikin ruwa da tsaftar gari wanda zai ratsa iyakarsu ya kai garuruwa irin Dingyaɗi, ko kowace ta ci gaba da tona rijiyoyin burtsatse a mazaɓunta?

Masu cewa a haɗa kai da lissafi suke farawa. Manufar ruwan sha da tsafta ta ƙasa, wadda aka fitar a 2000, ta ƙayyade lita 30 a rana ga mutumin ƙauye, lita 60 ga mazaunin ƙaramin gari mai mutum 5,000 zuwa 20,000, lita 120 ga na birni. Ɗauki gari mai mutum 10,000: lita 600,000 ke nan kowace rana, jarka 24,000 mai cin lita 25. Famfon tuƙa-tuƙa an yi shi ne don mutum ɗari biyu da hamsin zuwa ɗari biyar, ka ga sai an jera gommai kafin a kusanci wannan adadi, kuma kowanne da ranar lalacewarsa. Garin da ya kai haka ya wuce matakin famfon hannu, bai kuma kai girman da hukumar ruwa ta jiha za ta sa shi gaba a lissafinta ba. Hankalin gwamnatin Sakkwato, kamar na kowace jiha, yana kan babban birni: ayyukan Tamaje da Gagi da Mana da Runjin Sambo duk na cikin birni ne. Garuruwan tsakiya su ne marayu, kuma Dingyaɗi da Sifawa da Danchadi irinsu ne.

Hujjarsu ta biyu tana ƙarƙashin ƙasa. Yankin nan shimfiɗa ne hawa-hawa, kamar yadda binciken da hukumar nazarin ƙasa ta Amurka ta wallafa a 1973 ya fayyace. Akwai farin dutsen Kalambaina, wanda ake siminti da shi. Ƙarƙashinsa laka ce mai tauri da masana suka raɗa wa sunan Dange, sai an huda ta a iske yashi mai ruwa na Wurno da Taloka. Ta yamma kuma shimfiɗar Gwandu ce, mai albarkar ruwa. Rijiyar da ta tsaya a saman dutse tana cika da damina, ta ja baya a bazara, lokacin da mata ke kwana a bakinta suna jiran ta tsattsafo. Mai zurfin kuwa tsada gare ta, kuma ba a ko'ina ake dacewa ba. Inda ruwa yake da yawa ba lalle ne ya zama inda mutane suke da yawa ba, iyakar ƙaramar hukuma kuma ba da wannan lissafin aka shata ta ba. A ɓangaren Shagari akwai madatsar ruwa. A ɓangaren Boɗinga akwai jama'a a cunkushe: ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan 175,000 a fili da bai kai rabin na Shagari ba, ita kuma Shagari kusan 156,000. Ɗaya tana da ruwa da fili, ɗaya tana da yawan masu saye, kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega ta bi ta cikinsu duka, wadda bututu zai iya bin gefenta ba tare da an ratsa gonakin mutane da yawa ba.

Suna kuma tuna mana cewa rabuwar ba tsohuwa ba ce. Zamanin En'e, baitulmali ɗaya ne a Sakkwato ke kula da yankin duka, da rijiyoyin siminti da duba-gari. Gyaran 1976 ne ya kawo ƙananan hukumomin Boɗinga da Yabo, daga baya aka yanki Shagari daga Yabo. Kowace yanka ta zo da sabuwar sakatariya da sabon ciyaman da jerin ma'aikata, ba ta zo da sabon injiniyan ruwa ba. Idan biyu suka haɗu, in ji su, za su iya ɗaukar ƙwararre ɗaya na gaske, su ajiye kayan gyara a rumbu ɗaya, su sayi kulorin da alimun a kan sari. A Faransa tun 1890 doka ta ba ƙananan hukumomi damar kafa ƙungiyar haɗin gwiwa don aiki ɗaya, kuma wadda ke ba garuruwan kewayen Paris ruwa tun 1923 take aiki, da garuruwa sama da ɗari a cikinta.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai wanda ya yi aiki a ƙaramar hukuma a Nijeriya, da ya ji an ce "haɗin gwiwa" gabansa ke faɗuwa, kuma yana da dalili. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ne ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin tarayya da aka ware wa ƙananan hukumomi ta nan yake bi, kuma a faɗin ƙasar nan an shafe shekara ashirin da ɗoriya ana kukan cewa a nan yake maƙalewa: a cire na malaman firamare, a cire na masarautu, a cire na "ayyukan haɗin gwiwa" da ciyaman bai san lokacin da aka ba da kwangilarsu ba, a miƙa masa abin da zai biya albashi ya zauna. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Wannan ne ya sa Antoni Janar Lateef Fagbemi ya kai ƙarar gwamnoni 36 Kotun Ƙoli. To mutumin da bai gama karɓar 'yancinsa ba, a ce masa ya sake zuba kuɗinsa a wani asusun da ba shi kaɗai ke sa hannu ba? Masu adawa suna cewa sabuwar hukumar ruwa ta ƙananan hukumomi biyu za ta zama ƙofar da jiha za ta sake shigowa ta baya, domin duk rigimar da ta tashi tsakanin ciyamomin biyu, ma'aikatar ƙananan hukumomi ce za ta raba, mai rabon faɗa kuma shi ke riƙe da sanda.

Suna da misali a kusa. An gama madatsar Zobe ta Dutsin-Ma a 1983, a mulkin Alhaji Shehu Shagari. Aikin jawo ruwanta zuwa ƙananan hukumomi da dama na Katsina ya faro a farkon shekarun 1990, amma sai a Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe kashin farko. Yaron da aka haifa ranar da aka aza harsashi ya yi aure ya haihu kafin ruwa ya zubo. A tsawon wannan jira, abin da ya shayar da mutane shi ne rijiya da burtsatse da ɗan ga-ruwa. Babban aiki idan ya tsaya, kowa ya tsaya tare da shi. Kuma ko an gama, madatsa ba ta da tabbas: a 2018 ruwan Goronyo, mai cin mita kubik miliyan 942, ya ja baya har hankalin birnin Sakkwato ya tashi. Madatsar Shagari ba ta kama ƙafar Goronyo ba a girma, ga manoman rani da masunta da makiyaya da suka riga kowa dogara da ita. Ba ma mallakin ƙaramar hukumar Shagari ba ce, balle ta yi kyauta da ruwanta. Tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ta tarayya. Kafin a sa bututu sai an nemi izini a can, kuma wanda ya san abin da ya faru da manoman yankin madatsar Bakolori a 1980 ba zai ɗauki rabon ruwan madatsa da wasa ba.

Akwai wata hujjar da ba a cika faɗinta a taro ba, amma ita ce ta fi aiki a zukatan 'yan siyasa. Burtsatse ana ganinta. Tankin sama ne a kan ƙarfe, an shafa masa fenti, an rubuta sunan wanda ya kawo da shekarar da ya kawo. Bututun da aka binne mita ɗaya a ƙasa ba ya ɗaukar sunan kowa. Ciyaman mai wa'adin 'yan shekaru zai so abin da zai yanke wa ƙyalle kafin ya sauka. Haka ɗan majalisa. Ga shi kuma Boɗinga tana mazaɓar tarayya ɗaya da Dange-Shuni da Tureta, Shagari tana tare da Yabo, saboda haka kuɗin aikin mazaɓa na 'yan majalisar wakilai biyu ba su da dalilin haɗuwa a bututu ɗaya. A kujerar sanatan Sakkwato ta Kudu ne kawai suka haɗu. Ana iya kiran wannan son kai, amma shi ne yanayin da aikin zai rayu a cikinsa, wanda ya tsara aiki bai sa shi a lissafi ba ya tsara wa wata ƙasa.

Sai kuma tsoron na ƙarshen layi. Duk inda bututu ɗaya ke shayar da garuruwa a jere, na kusa da tushe ke fara sha. Idan wuta ta yi ƙaranci aka yi awa uku ana turo ruwa maimakon goma, na ƙarshe iska zai ji tana fita a famfo. Akwai mutum ɗaya mai riƙe da makullin bawul, kuma garin da yake kwana shi ne garin da ba ya rasa ruwa. Idan tushen yana Shagari, Dingyaɗi kuma tana wata ƙaramar hukuma, wa mutumin Dingyaɗi zai kai wa kuka? Kansilansa zai ce ba shi ke da injin ba. Ciyaman ɗin da ke da injin kuma ba da ƙuri'ar Dingyaɗi ya hau ba.

A nan nake ganin ɓangarorin biyu sun yi ta jayayya a kan gini, alhali ciwon yana wajen gyara. Manufar 2000 ta raba kuɗin gina aikin ruwa a ƙaramin gari dalla-dalla: tarayya kashi 50, jiha 30, ƙaramar hukuma 15, jama'ar gari 5. Ginawa ba ta taɓa rasa mai so ba. Gwamnati na ginawa, ƙungiyoyin agaji na ginawa, attajirai na ginawa don sadaka mai gudana, kuma yankin bai rasa manya ba: Shagari ta ba ƙasar nan shugaba, Dingyaɗi ta ba ta minista. Amma ka bi kowace hanya a karkarar Arewa ka ƙirga tankunan da ke tsaye babu ɗigon ruwa. Labarinsu kusan ɗaya ne. Injin da ke cikin rijiyar, wanda masu gyara ke kira sumo, ya ƙone saboda ruwa ya ja ƙasa ya bar shi yana juyawa a bushe. Ko an kwance faifan sola biyu da dare. Ko wata 'yar na'ura ta lalace wadda sai a Sakkwato ko Kano ake samunta. Kwamitin unguwa ya yi karo-karo, kuɗin bai kai ba, aka ce a jira kansila, kansila ya ce a jira kaso. Wata shida, awaki sun mai da gindin tankin wurin shan inuwa, yara sun koma tsohuwar rijiya da guga. Shekara mai zuwa wani ya zo ya tona sabuwa taku hamsin daga matacciyar.

Masu son kowa ya haƙa tasa ba su da amsar wannan, domin tsarinsu ne ke haifar da shi. Masu son babban bututu su ma ba su da ita, domin injin da ya fi girma gyaransa ya fi tsada, ga ruwan madatsa sai an tace shi kullum, ranar da alimun da kulorin suka yanke kuwa cuta ake turo wa mutane har gida.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanya da ta cancanci a duba. A jihohin Maradi da Tawa da Damagaram akwai tsarin da rijiya mai zurfi ɗaya da tanki ɗaya ke shayar da ƙauyuka da dama ta bututu. Kayan na ƙaramar hukuma ne, amma tana ba ɗan kasuwa kwangilar gudanarwa. Kowane famfo da mitarsa da mai sayarwa, ana biya a kan jarka, kuma daga kuɗin ake ware wani kaso a ajiye don sauya inji idan ya mutu. Senegal ma ta kafa hukuma ta musamman a 2014 don irin wannan. Tsarin yana da nasa matsalolin, ana rigima a kan farashi, ana samun ɗan kwangilar da ya ci kuɗin ajiya. Amma ya amsa tambayar da mu muke gudu: wa zai biya ranar da inji ya ƙone? A wajenmu da an ce a sayar da ruwa sai a ce ruwa na Allah ne. Haka ne, amma talakan da ke sayen jarka a hannun ɗan ga-ruwa ya daɗe yana biya, kuma a kan kowace lita ya fi mai famfo a gida biya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ɓangaren ƙazanta kuwa, wanda shi ne doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma ƙarara, shi aka fi yin shiru a kansa. A bar maganar bututun ƙazanta irin na Turai, mai bin ƙarƙashin titi zuwa matatar bayan gari. Wannan yana son ruwa mai gudu a kowane gida dare da rana, kuma ko manyan biranenmu, in ka cire wasu sassan Abuja da Legas, ba su da shi. Abin da ke akwai shi ne masai da sokawe da kwata. Gida ya cika da mutane, fili ya ƙare, sai ka ga masai da rijiya a tsakar gida ɗaya, alhali masana lafiya na son a bar tazarar mita 30 tsakaninsu. Da damina ruwa ya taso, abin da ke wannan ramin ya tsiyaya zuwa wancan. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 3,500, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Binciken da gwamnati ta yi da UNICEF a shekarar ya ce mutum miliyan 48 ke bahaya a fili. An sa 2025 a matsayin shekarar kawo ƙarshen haka, shekarar ta zo ba a kai ba, ko da yake Jigawa ta nuna a 2022 cewa jiha guda tana iyawa.

Kawo ruwa mai yawa gari ba tare da an shirya inda zai fita ba ƙara ciwo ne. Lita 600,000 da ta shiga gari da safe, mafi yawanta za ta fito ta rariya da yamma, ta kwanta a lungu, sauro ya samu gida. Kuma a nan haɗin kai ba ya buƙatar dogon wa'azi. Motar zuƙe masai ɗaya ta ishi ƙananan hukumomi biyu, ɗaya ita kaɗai ba za ta iya ba ta aikin da zai riƙe ta ba. Filin da za a zubar a shanya a mai da shi taki, nesa da rijiyoyi da fadama, guda ɗaya ya isa. Cutar kwalara kuma ranar kasuwa take bin mutane daga wannan gari zuwa wancan, ba ta tsayawa a allon da aka rubuta iyakar ƙaramar hukuma.

Ra'ayina shi ne a haɗa kai, amma a fara daga inda in an ci amana asarar ba za ta kashe kowa ba. Boɗinga da Shagari su fara da ayarin gyara guda: makanikai, mota, rumbun kayan gyara, da rajistar kowace burtsatse da ke yankunan biyu, mai aiki da matacciya, da zurfinta da irin injin da ke ciki. Su ƙara da motar masai. Kada a buɗe asusun da za a zuba kaso a ciki a bar shi. Kowace ta biya gwargwadon aikin da aka yi mata, a rubuce, a liƙa a sakatariya da ƙofar uban ƙasa inda kowa zai karanta. Idan aka yi shekara biyu ko uku ana haka ba a kai ruwa rana ba, an sami shaidar da za a tunkari jiha da tarayya da ita a nemi kashi 80 ɗin da manufar 2000 ta ɗora musu, a yi rijiyoyi masu zurfi da bututu mai haɗa garuruwa. Madatsa ta zo daga ƙarshe, bayan an zauna da manoman rani da makiyaya da hukumar da ke da ita.

Masu adawa za su ce ko wannan ɗan ƙaramin haɗin zai rushe ranar da ciyamomin biyu suka fito daga jam'iyyu daban. Ba haka abin ya kasance a zaɓen Satumban 2024 ba, domin APC ce ta lashe duka kujeru 23 na jihar, amma ba kullum ake kwana a gado ba, kuma ko 'yan jam'iyya ɗaya suna da ɓangarori. Shi ya sa yarjejeniyar ba za ta tsaya a musafaha tsakanin mutum biyu ba. Majalisar kansilolin kowace ƙaramar hukuma ta zartar da ita a matsayin dokarta, a rubuta awannin da kowane gari zai samu ruwa idan an kai ga bututu, a sa mita a daidai iyaka, a kuma ba garin ƙarshen layi kujera a kwamitin da ke ɗaukar mai riƙe da makullin bawul da sallamarsa. Sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya bar tsarin ƙananan hukumomi a hannun majalisar dokokin jiha, saboda haka ita ma sai ta yi dokar da za ta halatta wa biyu su mallaki kaya tare, su yi ƙara ko a yi ƙararsu da suna ɗaya. 'Yan majalisar da ke wakiltar Boɗinga da Shagari a Sakkwato su ne za su gabatar da ƙudurin, kuma a cikinsa ne za a ga ko an bar wa kwamishinan ƙananan hukumomi ikon naɗa shugaban hukumar ko an hana shi.